Yadda Ake Gano Aibin da Ke Cikin Kiristal da Hasken Eksire

Kwanaki wani dattijo mai harkar duwatsu, wanda ke saro safaya daga yankin Jama'a yana kawowa Kaduna, ya same ni da wani ɗan dutse shuɗi a naɗe cikin takarda. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, idan na kai wannan asibiti aka yi masa hoto irin na ƙirji, zan ga abin da ke cikinsa?" Na ce, "Alhaji, inuwa za ka gani. In akwai tsaga babba ko wani ƙarfe da ya maƙale a ciki, wataƙila ya fito. Amma aibin da ya fi muhimmanci ba ya yin inuwa." Tambayarsa ce ta sa na zauna na rubuta wannan, musamman saboda ɗalibanmu na fiziks da na ilimin duwatsu. Ƙasarmu ta kudancin Kaduna tana fitar da safaya a wajen Nisama, tana fitar da akwamarin da zumurrudu a wajen Gwantu, amma kusan duk abin da aka sani game da cikin waɗannan duwatsu, wasu ne a waje suka duba suka gaya mana. Wannan yana damuna ƙwarai.

Mene ne ma ake nema?

Kiristal shi ne duk abin da ƙwayoyin zarrarsa suka jeru sahu-sahu, tsari ɗaya yana ta maimaita kansa: gishiri, sukari, kwaz, daimon, safaya, da silikon ɗin da ke cikin wayarka da farantin sola da ke kan rufinka. Gilashi ba ya ciki, komai ƙyallinsa, domin zarrarsa a barbaje take.

Duk wanda ya taɓa yin huɗa ya san abin da zan faɗa. Kana jan kunyoyi a jere, sai wata kunya ta ƙare a tsakiyar gona. Kunyoyin da ke dama da hagu dole su ɗan karkato su rufe gurbinta, sai can gaba su sake miƙewa. Haka yake faruwa a cikin kiristal: shimfiɗar zarra guda ta tsaya a rabin hanya, maƙwabtanta su lanƙwasa a kewayenta. Bakin wannan shimfiɗa da ta tsaya yana tafiya kamar zare a cikin dutsen, shi nake kira gocewa. Masana uku, Taylor da Orowan da Polanyi, kowa da nasa binciken, suka bayyana ta a 1934 don su fahimtar da dalilin da ya sa ƙarfe ke lanƙwasa da ƙarfin da bai kai abin da lissafi ya nuna ba. Akwai wata iriyar gocewar da shimfiɗun ke murɗewa kamar matakalar hasumiya. Akwai kuma sauran aibobi: baƙon abu da ya maƙale, tagwayen ɓangarori da suka girma suna fuskantar juna, da zobban girma da ke nuna lokutan da ruwan da dutsen ya girma a ciki ya canza.

Waɗannan abubuwa ba ƙanana ba ne a aikace. Gocewa a cikin silikon tana cinye lantarkin da rana ta tayar kafin ya kai ga waya, farantin sola ya yi rauni. Ƙwan lantarki na zamani da ke ɗakinka, a bisa farantin safaya na masana'anta ake girka yawancinsu. Ɗan guntun kwaz da ke cikin agogon hannu yana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa, kuma nagartar kiristal ɗin tana cikin abin da ke riƙe masa lokaci.

Dalilin da ya sa hoton asibiti bai isa ba

Wilhelm Röntgen ya gano eksire a Jamus a 1895, kuma hoton asibiti har yau a kan dabararsa yake: ƙashi ya tare haske, tsoka ta bar shi ya wuce. Gocewa ba ta tare komai, domin zarrar da ke wurin iri ɗaya ce da ta ko'ina, matsayinta kawai ya ɗan kauce.

Mafita ta zo a 1912, lokacin da Max von Laue da abokan aikinsa suka nuna cewa kiristal yana karkatar da eksire zuwa wasu kusurwoyi na musamman. Bragg uba da ɗa a Ingila suka fitar da ƙa'idar: shimfiɗun zarra suna mayar da hasken kamar madubi, amma sai a kusurwa guda tak, wadda ta dogara da tazarar shimfiɗun da kuma tsawon zangon hasken. Ka tuna yadda kwanon rufi yake walƙiya idan ka hango unguwa daga kan gada da hantsi. Rufin da ya yi daidai da rana shi ke haska maka ido, na kusa da shi ya yi shiru. In kuma kwanon ya lotsa a wani wuri, lotsawar za ta fito daban, ko ta fi haske ko ta fi duhu. To, abin da za mu yi ke nan: mu saita kiristal a kusurwar da zai yi walƙiya, mu ɗauki hoton walƙiyar kanta, sai duk inda sahun zarra ya lanƙwasa ya nuna kansa. Berg ya fara wannan a 1931 da gishirin dutse, Barrett ya inganta shi a 1945, sannan Andrew Lang a ƙarshen shekarun 1950 ya ƙirƙiro hanyar da haske ke ratsa dutsen gaba ɗaya har a ga gocewa ɗaya-ɗaya. Hanyar Lang zan bi da kai.

Mataki na farko: izini da tsaron lafiya

Ba a yin wannan aiki a gida ko a shago. Hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, wato NNRA, ce ke ba da lasisin mallaka da amfani da injin eksire a Najeriya, don haka wurin da ke da lasisi za ka nema. A nan Kaduna akwai ɗakin binciken duwatsu na ƙasa da ke ƙarƙashin hukumar binciken ƙasa da ma'adinai, wato NGSA, a Zariya kuma akwai cibiyar bincike da horo kan makamashi, wato CERT, ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda masana harkar tururin nukiliya suke. Idan ka je wani ɗakin bincike, ka fayyace abin da kake so. Injin da aka fi sani shi ne wanda ake niƙa dutse ya zama gari a zuba masa, ya gaya maka sunan ma'adinin. Wannan aiki ne daban. Kai dunƙulallen kiristal za ka ɗauka, kana buƙatar bututun eksire mai ƙaramin ido, tsagogi, teburin juyawa mai auna kusurwa, da keken da ke kai dutse da filim gaba da baya tare.

Hasken da ke fita daga bakin wannan bututu ya fi na hoton ƙirji haɗari nesa ba kusa ba, domin a matse yake wuri guda kuma fata ce ke shanye shi. Daƙiƙoƙi kaɗan sun isa su ƙona yatsa, kuma ba za ka ji zafi a lokacin ba, sai bayan kwanaki ko makonni ciwon ya bayyana ya ƙi warkewa. Ka rataya ma'aunin turiri, wato ɗan abin da ke auna yawan eksiren da jikinka ya sha, a ƙirjinka, in da hali har da na zobe a yatsa. Iyakar da aka ƙayyade wa ma'aikaci ita ce milisibat 20 (ma'aunin turirin da jiki ya sha) a shekara idan an daidaita a kan shekara 5, sauran jama'a kuma milisibat 1. Kada ka taɓa toshe makullin da ke kashe haske idan an buɗe ƙofar akwatin, ko da wanda ya girme ka a aikin ne ya ce a yi hakan don a yi sauri. 'Yar'uwa mai juna biyu ta sanar da jami'in tsaron turiri kafin ta shiga. Tagar bututun kuma da beriliyom aka yi ta, guba ce, ba a taɓa ta da hannu.

Na biyu: zaɓen abin da za ka ɗauka

Shawarata ga mai farawa: kada ka fara da dutsen daji. Ka nemi faifan silikon gogagge irin na masana'anta, mai fuskar 001 (irin waɗannan lambobi uku suna nuna alƙiblar shimfiɗun zarra ne), kaurinsa wajen rabin milimita. An riga an san alƙiblarsa, kuma yankakken gefensa ko ɗan tsagin da ke bakinsa yana nuna maka inda shimfiɗun suka dosa. Kada ka ɗauko fasasshen farantin sola, domin an gurza fuskarsa da gangan, an kuma manna masa ƙarfe gaba da baya.

Kauri yana da muhimmanci. Ana so hasken ya ratsa ya fito da kusan sulusin ƙarfinsa. Da bututun molibdenom, wato wanda ƙarfen molibdenom ne ke fitar da eksire a cikinsa, wannan yana nufin silikon wajen milimita 0.6, kwaz wajen milimita 1, safaya ƙasa da milimita 1 kaɗan, daimon kuwa har milimita 4 yana yi. Bututun jan ƙarfe haskensa ya yi taushi ga wannan hanya, silikon mai rabin milimita zai shanye kusan dukansa.

In dutsen daji ne, sai ka fara yi masa hoton Laue don ka san alƙiblarsa. Ana harba masa siririn haske mai zanguna gauraye, a sa filim mai huda a tsakiya tsakaninsa da bututun, tazarar santimita 3. Abin da zai fito ɗige-ɗige ne masu tsari. In ɗigon sun fito zagaye tsaf, dutsen ya cancanci wahala. In kowane ɗigo ya rabu biyu ko uku, akwai ɓangarori da suka ɗan saɓa wa juna a ciki. In ɗigon sun ja wutsiya, dutsen a lanƙwashe yake. In zobba ka gani, tarin ƙananan kiristal ne, ka ajiye shi ka ɗauko wani. Wannan gwaji na 'yan mintoci yana cece ka daga asarar mako guda.

Na uku: yanka, guga da wanki da asid

A nan ne yawancin hotuna suke lalacewa, kuma a nan nake so ka fi tsayawa. Eksire ba ya bambanta aibin da Allah ya halicci dutse da shi da wanda hannunka ya sa masa jiya. Zarton daimon idan ya yanka, yana barin ɓarna a ƙarƙashin fuska mai zurfin maikuron gommai (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wani lokaci fiye. Ido zai ga fuska sumul, filim kuwa zai fito baƙi ƙirin, ya rufe duk abin da ke ciki.

Ka yanka a hankali, da ruwa yana zuba, ka bar rarar kauri. Sai guga hawa-hawa: ka fara da gari mai kaushi, ka sauko zuwa mai laushi, kowane hawa ya cinye ɓarnar da na bayansa ya bari. Abin da aka saba shi ne a cire aƙalla ninki uku na girman ƙwayar garin da ya gabata kafin a sauka. Tsakanin hawa da hawa ka wanke dutsen, da farantin guga, da hannunka. Ƙwayar gari mai kaushi guda ɗaya in ta bi ka zuwa hawa na ƙarshe, za ta ja layi daga gefe zuwa gefe, ka koma baya. Mu a Kaduna muna da ƙarin abokin gaba, wato ƙurar hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar nan cike take da ɓarɓashin kwaz, kuma kwaz yana karce silikon da duk dutsen da bai kai shi tauri ba. Ka rufe tagogi, ka jiƙa ƙasa kafin a yi shara, ka riƙa kife kwano a kan aikinka duk lokacin da za ka tashi, ko da alwala za ka je.

Guga kaɗai ba ta gamawa. Dole a narkar da fatar ƙarshe da sinadari. Silikon ana tsoma shi a gaurayen asid na haidurofulorik da naitirik, yawanci da asetik don a rage masa gudu. Kwaz ma dangin fulorin ne ke cin sa. Safaya tana da taurin kai, ana gama ta da doguwar guga da ruwan silika mai laushi ko asid na fosforik mai zafi. Game da haidurofulorik ina roƙonka ka ji ni da kyau: yana ratsa fata ba tare da zafi nan take ba, ya shiga jiki ya janye sinadarin kalsiyom, kuma yana kisa. Ba a zuba shi a kwalbar gilashi domin yana cin gilashi, sai roba. Ba a aiki da shi sai a akwatin zuƙe hayaƙi, da safar hannu mai kauri, da kariyar fuska, da man kalsiyom gulukonet a kusa, da mutum na biyu a ɗakin. In ɗaya daga cikin waɗannan babu, a ɗage aikin.

Kada ka manta gefuna. Gefen da ya ɓalgace yana jefa matsi har cikin dutsen.

Na huɗu: ɗaurawa

Na taɓa ɓata kwana biyu a kan wani yankin kwaz da na goge da kyau, na manna shi da gam mai ƙarfi a kusurwoyi huɗu don kada ya motsa. Da hoto ya fito, rabin dutsen babu shi, kusurwoyin kuma sun yi baƙaƙen fuka-fukai. Gam ɗin da ya bushe ya ja dutsen ya lanƙwasa shi, lanƙwasar da ido ba zai taɓa gani ba, amma ta isa ta fitar da rabinsa daga kusurwar walƙiya. Daga ranar na koma ga abin da magabata a aikin suke yi: ɗan ɗigon kakin zuma mai laushi a wuri ɗaya, a can gefe, nesa da inda ake son gani. In faifan yana da faɗi, a ɗora shi a kan siririyar leda da aka ɗame a zobe. Kada a matse shi da ƙusa ko maƙali.

Na biyar: lissafi da saiti

Ƙa'idar Bragg ita ce λ = 2d sin θ. λ shi ne tsawon zangon haske, d tazarar shimfiɗu, θ kuma kusurwar da ake nema. Babban layin molibdenom, wato hasken da ya fi ƙarfi cikin abin da bututun ke fitarwa, zangonsa nanomita 0.0709 ne (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Shimfiɗun silikon da ake kira 220 tazararsu nanomita 0.192. Ka raba 0.0709 da 0.384, wato ninki biyu na d, ka sami 0.185, shi ne sin θ, kusurwar ta zama digiri 10.6. Ke nan za ka juya faifan digiri 10.6 daga inda shimfiɗun suke a layi ɗaya da haske, ka kai na'urar ƙirga haske digiri 21.3 daga layin hasken. A faifai mai fuskar 001 waɗannan shimfiɗu a tsaye suke cikin kaurinsa, shi ya sa na ce ka fara da shi.

Ka kunna bututun a kilobolt 40 zuwa 50, ka bar shi ya ɗumama. Ka tabbatar ruwan sanyaya shi yana gudu. Sai ka riƙa juya teburin a hankali ƙwarai kana kallon na'urar ƙirga. Za ka ga ƙirga ta yi tsalle, ta sauka, ta sake yin wani ƙaramin tsalle kusan rabin na farko. Waɗannan tagwayen layukan molibdenom ne, na biyun zangonsa 0.0714, kuma tsakaninsu a nan wajen minti 4 ne na kusurwa, wato kashi ɗaya cikin 15 na digiri. In ka bar su biyun suka shiga, kowane layi a hotonka zai fito biyu. Maganinsa shi ne a nesanta bututun kamar mita 1 daga dutsen, a matse tsagar farko, wadda ke tsakanin bututu da dutse, zuwa ƙasa da rabin milimita, har tsallen biyu su rabu sarai, sai ka zauna a kan ƙololuwar babban.

Bayan dutsen haske biyu ne ke fitowa: wanda ya wuce kai tsaye da wanda ya karkata. Tsaga ta biyu aikinta ta tare na farko ta bar na biyu. Ita ba ta motsi. Dutsen da filim ne ke tafiya tare a kan keke, gaba da baya, har hasken ya share faɗin dutsen duka. Kafin ka sa filim, ka tura keken daga wannan gefe zuwa wancan kana kallon ƙirga. In ta faɗi a hanya, ko dutsen a lanƙwashe yake ko ɗaurinka ya matse shi.

Abu ɗaya da ke ba sababbi mamaki: babu gilashin ƙara girma a wannan hoto, girman dutsen shi ne girman hotonsa. Kaifin hoton lissafi ne mai sauƙi: girman idon bututu, sau tazarar dutse zuwa filim, a raba da tazarar bututu zuwa dutse. Ido mai milimita 1 a nisan mita 1, da filim a santimita 1, zai ba ka dishi-dishin maikuron 10. In idon maikuron 100 ne, ka sauko maikuron 1. Saboda haka ka matso da filim kusa da dutsen iyakar yadda tsaga ta biyu za ta bari, ka kuma tsayar da shi yana fuskantar hasken da ya karkata kai tsaye.

Na shida: ɗauka da wankewa

Ka fara da filim ɗin likitan haƙori. Yana da sauri, cikin mintoci za ka san ko saitinka ya yi. Sai in ka gamsu ka sa mai laushin ƙwaya, irin farantin Ilford L4 da aka daɗe ana amfani da shi, wanda ke iya cin sa'o'i da yawa, wani lokaci kwana. Injunan zamani suna da kyamara mai aika hoto kai tsaye zuwa kwamfuta, sun rage wahala sosai, amma ƙa'idar ba ta canza ba.

Doguwar ɗauka tana son wuta tsayayya. In aka ɗauke wuta a tsakiya, bututu ya huce, ɗaki ya yi zafi, ƙarafan teburin su ɗan motsa, kusurwar ta kauce. Ka shirya janareta ko batura tun kafin ka fara, har da na famfon ruwan sanyi, kuma janaretan ya yi nesa don kada girgizarsa ta iso teburin. Ni na fi son ɗauka da dare, lokacin da zafin ɗaki ba ya hawa da sauka, musamman a Maris da Afrilu. Ka riƙa leƙa ƙirga lokaci-lokaci kana rubutawa.

Wajen wanki, ruwan famfonmu na bazara ya yi ɗumi, yana sa fatar filim ta kumbura ta saɓule. Ka sanyaya ruwan magani zuwa digiri 20 ko ƙasa, dukkan kwanukan su zama zafi ɗaya, ka ba maganin kafewa da ɗauraya isasshen lokaci domin fatar farantin tana da kauri. Ka shanya shi a rufaffen wuri.

Na bakwai: karatun hoton

Ka ɗora farantin a ƙarƙashin maikuroskof, ka ƙara girma sau 20 zuwa 50. A kan farantin asali, inda haske ya fi yawa ya fi baƙi. Abin mamaki shi ne wurin da ya lalace ya fi mai kyau walƙiya: sashe mai cikakken tsari yana karɓar ɗan siririn yanki ne kawai na hasken, amma lanƙwasassun shimfiɗun da ke kewaye da gocewa suna kamo har wanda sauran suka bari ya wuce. Shi ya sa gocewa ke fitowa kamar baƙin gashi a kan toka-toka, kaurinta 'yan maikuron, alhali cibiyarta ba ta wuce faɗin zarra kaɗan ba.

Faifan silikon mai kyau yana iya fitowa fes babu layi ko ɗaya, domin tun ƙarshen shekarun 1950 William Dash ya gano yadda ake siranta wuyan kiristal a farkon girkinsa har gocewa ta fice. Wannan ba gazawar hotonka ba ne. Ka duba gefuna, can ne layuka suka fi fitowa. A kwaz da sauran duwatsun da suka girma cikin ruwa, za ka ga gocewa sun taso daga tsakiya ko daga wani baƙon abu, sun bazu kamar tsintsiya zuwa fuskokin dutsen. Baƙon abu ƙarami yana fitowa kamar gyaɗar da aka ɓare biyu, da farin layi a tsakani. Zobban girma na dutsen daji miƙaƙƙu ne masu kusurwa, suna bin fuskokin kiristal, safayar da aka narka da wuta a masana'anta ta hanyar Verneuil kuwa nata a lanƙwashe suke kamar bakan gizo. In wani yanki ya ɓace fari fat da iyaka mai kaifi, ɓangare ne da ya saɓa wa sauran, ka ɗan juya teburin za ka ga shi ya fito sauran sun ɓace. Karce kuma yana da kauri, yana tafiya ba ruwansa da alƙiblar kiristal, kuma in ka ƙara wankin asid ka sake ɗauka zai tafi. Abin da ya rage bayan wanki na biyu, shi ne na dutsen.

Yanzu ga inda aikin ya fi daɗi. Kowace gocewa tana da alƙiblar da ta ture zarra, ana kiran wannan kibiyar Burgers. Ka ɗauki tarin takardu ka zame na sama a kan na ƙasa: tazararsu ba ta canza ba, ba su kuma karkata ba. Haka in turin gocewa ya kwanta a cikin shimfiɗun da kake haskawa, su ba su san an yi komai ba, sai gocewar ta ɓace daga hoton. A silikon, gocewar da kibiyarta ke bin alƙiblar 1, -1, 0 ba za ta fito a hoton 220 ba, domin 2 sau 1, a haɗa da 2 sau -1, sifiri ne. Ka juya faifan digiri 90 a kan fuskarsa ka sake ɗauka da ɗaya jerin shimfiɗun, za ka gan ta baƙa wuluk. In ka sami hotuna biyu na shimfiɗu daban-daban da layi ɗaya ya ɓace a cikinsu, ka gano alƙiblar kibiyarsa. Mai murɗewa tana ɓacewa gaba ɗaya, irin ta kunya kuwa takan bar ɗan dishi-dishi, kada wannan ya ruɗe ka. Saboda haka hoto ɗaya ba ya isa a ce dutse ba shi da aibi.

Don a san yawa, sai ka auna jimlar tsawon layukan a wani yanki ka raba da girman yankin har da kaurinsa. In sun haura kamar 100,000 zuwa miliyan a murabba'in santimita, sun cakuɗe, ba a iya ware su, sai a koma ga maikuroskof na lantarki. Yawancin ƙarafa a can suke. Don a san zurfin da aibi yake, a tsayar da keken, a matse tsagar farko zuwa wajen maikuron 10, a ɗauki yanki guda kamar an yanka dutsen da wuƙa. In a wannan hoto ka ga siraran ratsi a jere, Kato da Lang sun bayyana su a 1959, alama ce cewa wurin yana da tsari kusan cikakke.

Idan dutsen ba ya yankuwa

Dutsen Alhaji na sayarwa ne, ba zai yarda a yanka shi ba, kuma yana da gaskiya. Irin wannan ana ɗaukar sa ta fuska, da hanyar Berg da Barrett: bututun jan ƙarfe mai zangon nanomita 0.154, haske ya sauka a kwance-kwance a kan fuska guda mai santsi, filim yana dab da ita. Abin da za a gani na fatar sama ne kawai, maikuron kaɗan zuwa gommai, kuma gugar masu ado takan bar ɓarnar da za ta rufe shi. Na gaya masa cewa don ciniki, gilashin hannu mai ƙara girma sau 10 da gwajin masanin duwatsu sun fi masa amfani, amma ya ajiye mini ɓaraguzan da ba su da kasuwa, tare da sunan ramin da kowanne ya fito.

Dutse mai kauri ko mai lanƙwasa da yawa, sai babban injin nan mai zobe da ake kira sinkirotiron, inda hoton da ke cin kwana yake fitowa cikin daƙiƙoƙi. Akwai ESRF a Grenoble ta Faransa, Diamond a Ingila, da SESAME a Jodan wanda aka buɗe a 2017. Nahiyarmu ba ta da ko ɗaya tukuna, ko da yake masana sun fara taron neman kafa na Afirka tun 2015. Ana samun lokaci a waɗannan wurare ta hanyar rubuta buƙatar bincike, kwamiti ya tantance. Abin da ke ƙarfafa irin wannan buƙata shi ne aikin da ka riga ka yi a gida: hoton Laue, yankakken dutse da aka goge aka wanke, da littafin da ka rubuta komai a ciki. A kan ambulan kowane faranti ka sa kwanan wata, inda dutsen ya fito, kaurinsa, irin bututu, kilobolt da miliamfiya, shimfiɗun da ka haska, tsawon ɗauka, da kibiya mai nuna alƙiblar da hasken ya karkata. Ka kuma karce ɗan alama a kusurwa guda ta farantin kafin ka wanke shi, domin in ya bushe ba za ka iya tuna wace fuska ce ta kalli dutsen ba.